Magnhild, Mai Tsaron Keji a Bakin Kogi

Kowace safiya, tun hayaƙi bai fara tashi daga gidajen Teigabotn ba, Magnhild Urheim takan sauko gangaren gidanta cikin takalmin roba da tsohuwar rigar ulu. Ta tura ƙaramin kwale-kwalenta, ta tuƙa da hannu zuwa inda kogi yake faɗawa cikin lungun tekunmu, wurin da teku ta kutso tsakanin tsaunuka. A nan takan tsaya. Tana da kwalba ɗaure da igiya, da dutse a gindinta. Ta sake ta ƙasa kaɗan, ta jawo, ta kurɓa, ta tofar. Ta ƙara zurfi, ta sake kurɓa. Da harshe take gane inda ruwan daɗi ya ƙare, gishiri ya fara. Daga nan ta tace sauran ruwan a farin ƙyalle, ta ɗaga shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta koma gida ta dafa kofi. Haka muka san ta tun gashinta yana baƙi.

Ni Torleiv ne, tsohon shugaban jirgin taru. Ban daɗe a makaranta ba, kuma yabon mutane ba halina ba ne. Wanda ya yi aikinsa ya yi abin da ya wajaba. Amma Magnhild za ta bar mu kafin hunturu, za ta koma wurin 'yarta a birni, na kuwa duba na ga in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Yaran yanzu ba su san aikinta ba. Birislin, ƙaramin kifin nan mai ƙyalli da ake jerawa a gwangwani, ba ya shigowa lungunmu don kallon tsaunuka. Jar cima yake bi, waɗannan 'yan halittu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, masu yawo cikin ruwan gishiri. Ita ke sa shi ƙiba, ita kuma ke ɓata shi. Kifin da aka ɗauka da jar cima a ciki, kafin ya kai masana'anta cikinsa ya fashe, ya zama kunu. Don haka idan muka jefa taru muka kama, ba ma ɗaukarsa. Mukan juye shi da ransa cikin kejin raga, mu ɗaure kusa da gaɓa, ya zauna har cikinsa ya wanke. Mu mu tafi neman wani. Keji kuwa sai da mai tsaro. Idan aka ɗaure shi inda gishiri ya yi yawa, igiyar ruwa ta shigo da jar cima ta ramukan raga, kifi ya ci gaba da ci. Idan aka kai shi inda ruwan daɗi ya yi yawa, ya mutu. Tsakanin biyun akwai wani siririn wuri, kuma ba ya zama guri ɗaya. Shi Magnhild take nema kowace safiya. Wurin mahaifinta ta gaji aikin.

A zamanin da nake tunawa, in bazara ta kama, keji bayan keji ake jerawa daga bakin kogi har ƙarƙashin coci. Tsuntsayen teku su hana fasto wa'azi. Taruna su cika kowane dutse suna shan iska, warin kwalta da kifi ya shiga har cikin gurasa. Mata su yi ta hawa da sauka da tukwanen dankali. Ba mu san muna cikin daɗi ba. Muna ta ƙorafin ciwon baya.

Duk wannan kifin a hannun mace ɗaya muke barinsa. Ba a taɓa rubuta sunanta a jikin gwangwani ba. Halldor, wanda ya riƙe mini inji shekara da shekaru, ya gan ta ranar da karen ruwa ya yaga kejin mutanen ƙauyen Nes. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Ta kwanta a gefen kwale-kwale, hannu biyu cikin ruwan sanyi har kafaɗa, tana ɗinki, kifi yana zurarewa ta tsakanin yatsunta. Ba ta ɗago ba sai da ta rufe ramin. Da masu kifin suka dawo ba ta gaya musu ba. A bakin Halldor suka ji.

Ni ma ta taɓa tsare ni. Jirgin masu saye yana jira, ina sauri.

Ta ce, "Torleiv, kifinka bai yi ba."

Na ce, "Ya yi. Tun yaushe yake azumi?"

"Azumin da ake ci da rana tsaka?" Ta ɗauki ɗaya ta matsa cikinsa da babban yatsa. Ja ya fito kamar tsatsa.

"Wannan ɗaya ne. Ɓarawo ne."

"To duk garken ɓarayi ne. Halin ubangidansu suka ɗauko."

Jirgin ya tafi ba kifina. Har yau ina ganin da an ɗauka da ya wuce lafiya. Ba mu sake magana ba sai Kirsimeti, da ta miƙo mini kofi a zauren coci ta ce, "Sha, na tace shi."

Daga baya masu binciken teku suka fara zuwa daga Bergen. Shugabarsu, Ranveig, mace ce mai hankali, ba ta raina kowa. Ta ba Magnhild wata 'yar raga mai laushi kamar siliki da ƙananan kwalabe, ta roƙe ta ta riƙa ɗebo musu abin da ke cikin ruwan bakin kogi tana aikawa da jirgin fito. Magnhild ta karɓa, ta kuwa riƙe, bazara da hunturu. Wata rana Ranveig ta zaunar da ita gaban madubin da ke ƙara girman abu. Da yamma ta same mu a kanti, idonta yana haske kamar na yarinya.

"Na gan ta, Torleiv. Jar cima. Tana da ƙafafu, tana da ƙahoni dogaye kamar gashin bakin Halldor. A cikinta kuma akwai ɗigon mai, ja. Ranveig ta ce wannan ɗigon shi ne kitsen kifi."

Halldor ya ce, "Ki bar gashin bakina, shi ya samo mini mata."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Ɗigon nan shi ne rufin gidajenmu. Shi ya saya wa 'ya'yanmu takalma. Ni kuwa duk rayuwata ina zaginta."

Tun daga ranar ban sake jin ta kira jar cima annoba ba.

Sai kifi ya fara ja da baya. Ba dare ɗaya ba. Bana rabi, baɗi rabin rabi. Wasu suka ce madatsar da aka gina a kan kogi don wutar lantarki ce, tunda ambaliyar narkewar ƙanƙara ta daina saukowa a lokacinta. Wasu suka ce teku ce ta yi ɗumi. Wasu suka ce mu muka kwashe. Ranveig ta ce wataƙila duka ukun, kuma ba ta da tabbas. Ni abin da na sani, ƙyallen Magnhild ya riƙa fitowa fari, kuma inda babu jar cima babu birislin. Aka sayar da jirage ɗaya bayan ɗaya. Masana'antu suka rufe. Samari suka tafi aikin mai a teku. Taruna suka ruɓe a rumfuna. Fasto ya samu shirun da yake nema, sai dai cocin babu mutane.

Ke ce ba ki daina fita ba, Magnhild. Babu keji, babu mai biya, babu mai tambaya. Mun sha kallonki ta taga muna cewa matar nan ta kasa haƙura. Mu da muka haƙura, me muka tsinta?

Jirgin taru ɗaya ya rage a duk lungun, na Audun, ɗan ƙanwata. Dako yake yi da shi don ya ci abinci, tarun yana naɗe a rumfa. Wani mutumin arewa ya daɗe yana neman ya saya, jirgi da taru gaba ɗaya. Audun da matarsa suka yanke shawara: in bazarar bana ta wuce bai jefa taru ya sayar da kifi ba, za su ba shi. Ban ga laifinsu ba. Amma kowa ya sani, ran da jirgin nan ya fita bakin lungu, an gama kamun birislin a Teigabotn ke nan. Ba mai sake farawa daga babu.

Tsakiyar bazara Magnhild ta je ta sami Audun a bakin gaɓa, ta buɗe ƙyallenta a gabansa. Ja ne kamar an goge tsohon ƙarfe da shi.

Ta ce, "Fito da tarunka ka kori ɓeraye."

Ya ce, "Inna Magnhild, bara ma an ga ja."

"Bara hoda ce. Wannan abinci ne."

Ya fito da shi. Ni na zauna na ɗinke masa inda ɓeraye suka ci. Ba a daɗe ba tsuntsaye suka fara taruwa a kan ruwa wajen Nes, ruwan ya yi duhu yana motsi kamar ana yayyafi. Na tsaya a ƙofar gidana ina kallo har ƙafafuna suka gaji. Audun ya jefa sau ɗaya, taru ya cika. Aka juye a keji, aka ɗaure a bakin kogi, inda kakanninmu suke ɗaurewa.

Kwanaki suka wuce, cikin kifi bai wanke ba. Jirgin masu saye ya zo, mai dubawarsu, Sigvald, ya sauko ya matsa ɗaya bayan ɗaya. Duk ja.

Ya ce, "Ba zan iya ɗauka ba, Audun. Kai ma ka sani."

"Na sani."

"Zan je arewa in ɗebo na wasu. A kan hanyar dawowa zan leƙo. In bai yi ba a lokacin, sai dai ka buɗe musu su tafi."

Gaskiyarsa ce. Kuma kifi ba ya daɗewa a keji. Ɓawonsa ya fara zuba, matattu sun fara taruwa a gindin raga.

Magnhild ta san dalili tun kafin Sigvald ya iso. An rufe madatsa ana tara ruwan hunturu, kogi ya zama ɗan zirin da akuya za ta tsallake. Gishiri ya hau har sama, jar cima tana shiga keji da kowace igiyar ruwa. Wurin da aka dogara da shi tun kaka da kakanni ya daina aiki.

Ta ce, "Sai Rafin Awaki."

Rafin Awaki yana can ƙetaren lungu, yana zubowa daga ƙanƙarar kan tsauni, ba wanda ya datse shi. Audun ya ce shi ke nan, zai ɗaura keji a bayan jirgi ya ja.

"Ba da inji ba."

"A hankali zan tafi."

"Hankalin injinka gudu ne a wurin kifin da ya gaji. Raga za ta manne musu, ka isa da keji cike da gawa. Da hannu za a ja."

Audun ya yi dariyar da ba daɗi a ciki. "Da hannun wa, Inna? Duk ƙauyen nan ba wanda bai kai saba'in ba sai ni da matata da fasto."

"To ka kira fasto."

Ta bi gida-gida. Da ta zo nawa ba ta zauna ba.

"Torleiv, kafaɗunka suna nan ko sun bi haƙoranka?"

Na ce, "Yaushe ruwa zai fara janyewa?"

"Da hantsi."

"To me kike tsaye yi?"

Kwale-kwale huɗu muka fita da su, kowanne da igiyarsa a jikin keji. Ni da Halldor a ɗaya. Fasto da Audun a ɗaya. Sauran biyun tsofaffin Nes ne da matansu, waɗanda ta ɗinke wa keji a wancan ruwan. Magnhild tana baya ita kaɗai, ba ta ja, kifi take kallo. In ta ɗaga hannu mu sassauta. In ta sauke mu ci gaba. Tafiyar ba ta kai ta mai rakiyar gawa sauri ba.

Halldor ya ce, "Shugaba, kana tuƙi ne ko kana shafa ruwan?"

Na ce, "Wanda ya ƙare rayuwarsa yana shaƙar hayaƙin inji ba zai koya mini tuƙi ba."

"Fasto ma ya fi ka. Dubi yadda yake zufa."

Fasto ya ce, "Ku bar ni, ina addu'a ne."

Wata daga cikin matan Nes ta ce, "Yi da hannu, Fasto, baki ya huta."

A tsakiyar lungu iska ta sauko daga tsauni ta buge mu a gefe. Keji ya fara naɗewa. Na ga kifi yana taruwa a kusurwa ɗaya, yana fari-fari. Jirgin Audun yana biye da mu a nesa, matarsa ce a kai. Audun ya miƙe zai yi mata alama ta matso ta karɓi igiya.

Magnhild ba ta ɗaga murya ba, amma duk mun ji. "Zauna, Audun. Ku juya hanci wajen iska, ku riƙe. Kada ku ci gaba, kada ku koma."

"Inna, za mu rasa su duka."

"In ka kunna inji ka rasa su yanzu. In ka zauna, wataƙila. Zaɓi."

Ya zauna. Muka yi ta tuƙi a wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Tafin hannun Halldor ya fashe, jini ya bi itacen tuƙin. Ya ƙara damƙe shi ya ci gaba da tuƙi. Ita kuwa ta matso da kwale-kwalenta jikin keji, ta sa ƙugiya ta riƙe kusurwar da ke naɗewa, ta buɗe ta da ƙarfin jikinta, ruwa yana watso mata har wuya. Haka muka zauna har iska ta gaji kafin mu.

Rana ta karkata sosai kafin mu isa. Rafin yana faɗowa fari kamar madara, sanyinsa yana dukan fuska. Sai a lokacin na tuna dutsen wurin santsi ne, miƙe kamar bango, ba inda za a ɗaura igiya sai zobban ƙarfe da mahaifin Magnhild ya kafa tun muna yara. Na ce a raina tsatsa ta cinye su tuntuni. Muka matsa. Suna nan, baƙi wuluk da man shafawa.

Halldor ya ce, "Wa ya shafa wa waɗannan mai?"

Ta ce, "Dodon tsauni. Miƙo igiya."

Daga baya matar Audun ta gaya mana ta sha hango ta tana ƙetarawa nan kowane farkon bazara da gwangwanin mai, duk shekarun da babu kifi. Ta ɗauka ganye take zuwa ɗiba.

Aka ɗaure. Magnhild ta yi ta sakin kwalbarta tana kurɓa, tana sa mu ɗaga gindin raga kaɗan-kaɗan, har kifi ya zauna inda take so. Sannan ta kore mu. Ta ce kifi ba ya son surutu, mu kuwa ba mu da wani abu sai shi. Ta zauna can ita kaɗai a kwale-kwale, da tamfol da butar kofi da gurasa, cikin feshin rafin, don in ruwan daɗi ya ƙaru ta sauke raga, in ya ragu ta ɗaga. Audun ya roƙe ta su yi karɓa-karɓa. Ta ce harshensa bai san komai ba sai taba.

Sigvald ya dawo kamar yadda ya ce. Muka bi shi. Ya cika hannu da kifi, ya matsa na farko. Babu komai. Ya matsa na biyu. Ya sa aka ɗebo daga ƙasa, ya matsa. Ya sa aka ɗebo daga kusurwa. Ya daɗe, don mutum ne mai tsoron sunansa. Sannan ya goge hannu a wando ya ce wa yaransa, "Ku sauko da kwando."

Ba duka aka samu ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya mutu a hanya da kuma zaman jira. Sauran ya tafi. Audun ya zauna a kan murfin jirginsa ya rufe fuska da hula, muka kau da kai muka ba shi wuri. Da mutumin arewa ya bugo waya, matar Audun ce ta ɗauka ta ce masa ya nemi wani jirgin.

Magnhild kuwa sanyin rafin ya shige ta. Daga can asibiti aka wuce da ita, huhunta ya cika. Ta tashi, amma ba kamar da ba. 'Yarta ta zo ta ce ya isa, kuma ba wanda ya iya musa mata. Na je na gaishe ta tana haɗa kaya. Ta rame. Tana zaune bakin taga tana kallon ruwa.

Na ce, "An ce gidan 'yar taki yana da ɗumi."

Ta ce, "Yana da ɗumi. Hawa na biyar. Daga taga ana ganin wurin ajiye motoci."

Muka sha kofi.

Magnhild 'yar bakin kogi, mai tsaron abin da wani ya kama. Ke ce kika riƙe mana wurinmu lokacin da mu muka sake shi. Ke ce kika jira kifi kamar yadda ake jiran ɗan da ya tafi teku, ba ki share sunansa ba, ba ki ba da gadonsa ba. Mu mun ci riba a hannunki muka ɗauka ƙarfinmu ne. Na gode. Halldor ya gode, ya ce in gaya miki hannunsa ya warke. Mutanen Nes sun gode. Waɗanda suka riga mu kwanciya a bayan coci, da suna da baki da sun ce haka.

Ku kuma da kuka rage, 'ya'yanmu da ke zuwa hutu da jiragen wasa, ba na roƙo, ban iya ba. Ina dai gaya muku. Matar nan tana da rai, hankalinta garau, kuma ba ta tafi ba tukuna. Abin da ta sani ba ya cikin littafi, Ranveig da kanta ta faɗa. Wani ya je ya buga ƙofarta, ya ɗauke ta a kwale-kwale ranar da babu iska, ya lulluɓe ta da bargo, shi ya yi tuƙin, ita ta yi magana. Za ta zage ka. Ka jure, mu ma mun jure.

Audun ya sayi fentin jirgi. Ya ce baɗi zai jefa taru. In ya kama, kifin zai buƙaci mai tsaro.